Ranar da Na Kashe wa Madam Fitila

A wurin wani suna a Landover, a nan Amurka, samari suka ji cewa sana'ata ita ce haska mawaƙa da fitila. Suka yi dariya. Ɗaya ya kunna tocilan ɗin wayarsa ya haska ni, ya ce, "Baba Tanko, ga shi na iya aikinka." Hasken a kan cikina yake, hannunsa yana rawa, bai yi minti ɗaya ba ya sauke. Ban ce masa komai ba. Zan faɗa a nan, sau ɗaya.

Ni mutumin zangon Kumasi ne. Na yi dako a kasuwa, na yi gadi, boko kuwa ban yi ba. A farkon shekarun tamanin na shigo Amurka, na sauka wurin wani ɗan garinmu a Silver Spring, mu biyar a ɗaki biyu. Shi ya samo mini wanke-wanke a wani ƙaramin otal a Washington. Kicin ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake. Kusa da shi akwai wani ɗaki mai tebura kamar talatin, da fiyano, da ɗan dandamali wanda bai fi tabarma uku ba. Nan ake kawo tsofaffin mawaƙan wasan kwaikwayo, waɗanda a zamaninsu suka cika manyan gidajen wasa na Landan da New York. Da suka tsufa, manyan gidajen suka ɗauki yara. Su kuma suka koma yawo ƙasa-ƙasa, akwati biyu da mai kaɗa fiyano ɗaya, suna waƙa a gaban mutanen da ke yankan nama a faranti. Kowa mako biyu yake yi ya wuce.

Mai fitilar ɗakin wani dattijo ne baƙar fata ɗan Amurka, sunansa Otis. Masta nake ce masa. Bayansa ya fara ciwo, yana neman wanda zai koya wa aiki. Wata rana ina tsaye a ƙofar kicin ina jiran a gama waƙa in kwashe faranti, ashe yana kallona daga sama. Da aka tashi ya sauko ya ce, "Kai, awa ɗaya ba ka sauya ƙafa ba. A ina ka koyi tsayuwa?"

Na ce, "Gadi."

Ya ce, "Gobe ƙarfe biyu."

Haka aka ɗauke ni.

Fitilar ba irin ta gida ba ce. Ganga ce ta ƙarfe, doguwa kamar kututturen gwanda, a kan ƙafa uku. Tana cikin wani akurki da aka maƙala a bangon baya, saman ƙofar kicin, da tsani ake hawa. A jikinta akwai ƙarfe biyu na juyawa. Ɗaya yana buɗe da'irar haske ko ya matse ta, shi muke kira ido. Ɗayan yana rage hasken har ya mutu. A bakinta kuma akwai ledojin launi guda shida, kowace da ɗan hannunta, ka tura wadda kake so gaban haske. Zafin kicin yana taso maka daga ƙasa, zafin ganga yana gasa ka daga gefe. Akwai safar hannu ta fata, amma ba ta kai gwiwar hannu ba, shi ya sa duk mai wannan aiki yana da tabo a wuri ɗaya. Idan ka ga mutum ya ce ya riƙe fitila, ka ce ya naɗe hannun riga.

Masta ya lanƙwasa wayar rataye kaya ya ɗaura a saman gangar, kamar saitin bindiga. Amfaninta shi ne, a cikin duhu ake saiti. Kafin ka buɗe, mawaƙin ya riga ya zama a tsakiyar da'ira. Idan ka buɗe a kan labule sannan ka ja zuwa kansa, kowa ya ga kana nema, kuma shi aka rena, ba kai ba.

Wata huɗu ban haska mutum ba. Sandar goge ƙasa na haska. Da rana, kafin a buɗe, Masta yakan juya ta, gashinta a sama, ya riƙe ta yana yawo a kan dandamali, ni ina bi. Ya yi gaba, ya tsaya kwatsam, ya rusuna, ya juya. Yana ihu: "Ka yanke mata kai!" "Ka bar ta a baya, matar mutane!" "Hannunta fa, ta miƙa hannu ka bar shi a duhu?" Ƙarfe biyar na yi in sauka in koma ga faranti.

Kowane mawaƙi yana zuwa da takarda mai cewa a waƙa kaza a yi launi kaza, a kalma kaza a matse ido. Ban iya karanta ta ba. Masta yakan karanta mini sau biyu, sauran kuma kunne ne. Nakan haddace waƙoƙin a wurin gwaji, ko da rabin kalmomin ban san abin da suke nufi ba.

Abin da ya fi ba ni wuya ba nauyi ba ne, ba zafi ba. Yadda aka raine mu, ba a ƙura wa babba ido. Ga dattijuwa a gabanka, an ce ka kalle ta awa ɗaya da rabi ba ƙyaftawa. Kaina yakan sunkuya da kansa, fitila ta bi shi, sai a ga an haska takalmi. Masta ya lura, ya ce, "Dama ba fuska za ka kalla ba. Fuskar nan sana'arsu ce, ƙarya take yi. Ka kalli kafaɗa da gwiwa. Kafin mutum ya motsa, kafaɗarsa ta riga ta faɗa." Daga ranar na samu sauƙi. Kafaɗa ba ta da ido.

Mutum na farko da na haska ni kaɗai wani dattijo ne daga Landan mai gashin saye. Umarninsa ɗaya ne: kada a ga inda gashin ya haɗu da goshi. Ledar launin ruwan zuma aka sa masa, aka rage ƙarfin haske. Duk sanda zai rusuna sai ya dafa kai kamar mai jin daɗin tafi, ashe riƙewa yake yi. Mako biyu muka yi, gashin bai faɗi ba, ni ma ban faɗi ba. Da zai tafi ya ba ni hotonsa da sa hannu. Hoton na shekara arba'in da suka wuce ne. Duk haka suke yi. Ina da irinsu sun fi ashirin a cikin akwati, hotunan samari da 'yan mata waɗanda ban taɓa gani ba.

Akwai wata daga Faransa wadda ta koya mini cewa ba a fuska shekaru suke ba. Hoda tana maganin fuska. Wuya da bayan hannu su ne suke tona mutum. Ita ledar ruwan hoda biyu ake haɗa mata, da'irar kuma ta tsaya daidai haɓa idan ta ɗaga kai. Na yi mata yadda ta ce. Wani mutum a teburin gaba ya aiko mata da furanni da lambar ɗakinsa. Da ya gan ta a hasken kicin ya ce kakarsa ba ta da lafiya, ya tafi.

Kada wani ya ɗauka ba'a nake musu. Na ga mace tana hawa matakala uku ana riƙe da ita, haske ya sauka a kanta, ta miƙe ta cika ɗakin da murya har masu dafa abinci su leƙo. Wahala na sani, kuma na san mai shanta idan na gan shi. Sun iya aikinsu.

Mutum ɗaya nake Hausa da ita a otal ɗin, Rifkatu, 'yar Jos. Da rana tana karatun nas, da yamma tana karɓar rigunan sanyi a bakin ƙofa. Ita ta gyara mini baki. Mu a zango ba ruwanmu da mace ko namiji a magana, kowa "ya zo" ne. Idan na ce mawaƙiya ya iso, sai ta ce, "Ɗan Kumasi, mace ce. Ka cire tuwon dokunu daga bakinka ka ce ta iso." Ni kuma Sista nake ce mata tun kafin ta ci jarrabawa.

Shekarata ta biyar ita ce ta ɓaci. Masta ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa ta zo ta tafi da shi kudu. Aka sayar da otal ɗin. Ƙanƙara ta yi ta zuba a hunturun nan, wani lokaci ma'aikata sun fi baƙi yawa. Sabon manaja ya zo, matashi ne, ba mugu ba, amma bai ga amfanin mutum a cikin akurki ba. Ya ce za a kafa fitilu a rufi, a sa maɓallai a bayan kantar giya, mai zuba giya ya riƙa dannawa. Ya ce akwai mawaƙiya ɗaya da aka riga aka yi alkawari da ita, idan ta gama makonta biyu za a sauke gangar a kai sito, ni kuma in koma kicin. Na tsaya ban tafi ba. Ya ɗago ya ce, "Sai dai idan na ga abin da maɓalli ba zai iya ba."

Lokacin matata ba ta daɗe da isowa ba, kuma abin da na gaya mata shi ne ni mai sana'a ne. Farantan Amurka kuwa na wanke rabona.

Mawaƙiyar ita ce Madam Doris. Ba ainihin sunanta ba ne, kuma ta rasu da daɗewa, shi ya sa nake ba da labarin. Daga Landan ta zo, ta haura saba'in, ƙarama ce, da sanda take tafiya har bakin labule, sannan ta jingine ta ta fita kamar ba ta taɓa ganin sanda ba. Mai kaɗa mata fiyano wani siririn tsoho ne, Hari, shekara talatin suna tare.

Ranar gwaji na sauko daga tsani, na ɗan rusuna na ce, "Sannu da zuwa, Mama."

Hari ya daina taɓa fiyano. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wa ya haife ka? Ba dai ni ba."

Daga baya Rifkatu ta ce, "A nan ba a girmama mace da tsufa, Ɗan Kumasi. Ko ta shekara ɗari, ka nuna kamar jiya aka yaye ta."

Gwajin nata ba gwaji ba ne. Don tanadin murya, takan rera farkon waƙa, ta yi "la-la-la" ta tsallake tsakiya, ta nuna mini inda za ta tsaya a ƙarshe. Ta miƙo mini takarda. Tun da Masta ya tafi, Rifkatu ke karanta mini, amma ranar tana da jarrabawa, sai dab da buɗewa ta iso a guje. Takardar ta zauna a aljihuna ba a karanta ba. Na ce shekara biyar ina yi, kunne ya isa.

Daren farko ɗakin ya cika, karon farko a wata uku. Har da ɗan jarida a teburin gaba. Komai ya tafi daidai har waƙar kusa da ƙarshe, wata mai sanyi, mace tana magana da mijinta da ya mutu. Ana tsakiyarta sai Madam ta tsaya. Fiyano ya tsaya. Leɓenta yana rawa, hannunta yana lalube a iska, hawaye ya gangaro. Cokula suka daina ƙara. Duk ɗakin ya zuba mata ido.

Na manta da kafaɗa, na kalli fuska. Abin da na gani, dattijuwa sa'ar kakata ta manta waƙarta a ƙasar da ba tata ba, a gaban baƙi masu tauna. A wurinmu idan babba ya ji kunya a cikin mutane, kawar da kai ake yi. Idan mace ce a yafa mata zane. Ba ni da zane. Na kama ƙarfen na juya a hankali har hasken ya mutu.

Ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Daga cikin duhun aka ji ta rera layin ƙarshe. Ba wanda ya tafa, don ba wanda ya san ko an gama. Sai muryarta ta fito ta lasifika: "Rabona da waƙa a cikin duhu tun lokacin yaƙin duniya." Mutane suka fashe da dariya. Na buɗe hasken. Tana murmushi, amma kai tsaye akurkina take kallo.

Aka kira ni ɗakin shirinta. Na ja Rifkatu, don Turancina ba ya kama na mutumin Landan idan ya fusata. Madam ta yi magana mai tsawo ba ta ɗaga murya ba. Rifkatu ta juyo ta ce, "Ta ce shirun nan shekara talatin tana yin sa. Kukan ma cikin wasan yake. Ta ce mutane hawayen nan suke zuwa gani, daga idon hagu yake fita, kuma ba a ganinsa a duhu. Ta ce wurin da ya kamata su yi kuka ka sa sun yi dariya. Tana tambaya me ya sa."

Na ce, "Ki ce mata rufin asiri na yi mata."

Rifkatu ta ce, "Da wane Turancin zan faɗi wannan?"

Na ce, "Ke kika yi boko."

Ta yi ta kewaye-kewaye, tana kwatance da hannu, har da zanen. Madam ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, wannan kam na ji da kunnena, "Ki gaya masa ba ni da asirin da ban sayar a kan dandamali ba. Duhu na ranar mutuwata ne. Ko faɗuwa na yi na mutu, ya riƙe hasken a kaina har a ɗauke ni."

Da muka fito Rifkatu ta zare takardar daga aljihuna ta duba. "Ga shi nan a rubuce da manyan baƙaƙe. Shiru, kuka, a matse ido a kan fuska, kada a motsa."

Na ce, "Ke kika tafi jarrabawa."

Ta ce, "Allah Ya shirye ka."

Jarida ta rubuta cewa muryar Madam tana nan, amma mai fitila ya yi barci. Manaja ya ajiye mini ita a kan matakalar tsani, ya ce maganar maɓalli na riga na ba shi amsa da kaina. Madam ta nemi a sauya ni, aka nema ba a samu wanda zai hau akurkin nan ba. Don haka aka bar ni in ƙarasa.

Sauran kwanakin makon na riƙe hasken. Na kuma koyi shirun nata. Idan ta zo wurin, fuska tana rushewa, amma kafaɗun a kwance suke, gwiwar hagu a kafe, numfashi yana sauka har ciki. Numfashina takwas ne tsawonsa, kullum, ba ƙari ba ragi. A na shida hawayen ke fitowa. Na ga gwanaye, ban ga kamarta ba. Ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ranar Lahadi da rana ake wasa, ƙarfe uku, yawanci tsofaffi ne da suka taso daga coci, ana shan shayi. A waƙa ta uku, wata mai sauri ta ban dariya, wadda ba ta da wurin shiru ko ɗaya, Madam ta tsaya. Murmushin yana nan a fuskarta. Amma kafaɗun sun hau har kunne, ƙafar dama ta ja baya tana neman ƙasa. Hari ya maimaita kiɗan. Ya sake maimaitawa. Tana can bakin dandamali, ta ba shi baya, kuma kunnenta na wannan gefen ba ya ji. Ko ya raɗa mata ba za ta ji ba, idan ya ɗaga murya kowa ya ji.

Wannan karon da gaske ne.

Duhu an hana ni. Idan kuma na riƙe hasken a inda yake, na kafa ta ne a gaban mutane suna kallon yadda ta ɓata. Sai na yi abin da Masta bai koya mini ba. Na buɗe ido kaɗan, na fara jan da'irar daga kanta zuwa wajen fiyano, a hankali, kamar tafiyar mai rangwaɗa. Gefen hasken ya fara barin kafaɗarta. Wanda ya shekara hamsin a cikin haske ba ya yarda haske ya bar shi, ko da sunansa ya manta. Ta yi taku ɗaya ta bi. Na ƙara ja, ta ƙara bi. Taku biyar ta kai fiyano. Na buɗe da'irar ta ɗauke su su biyu. Ta jingina da fiyanon kamar mai zolayar tsohon, kunnenta mai ji yana wajensa. Hari yana murmushi, ya faɗa mata layin ta tsakanin haƙora. Na ga kafaɗun sun sauka. Ta juyo, na cire launi na ba ta farin haske gaba ɗaya, ta jefa layin. Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Wata tsohuwa har ta zubar da shayi.

Da aka tashi, ina goge ganga, sai na ji ana hawa tsani. Manaja ne. Bai taɓa hawa ba. Ya leƙo da kai, gumi ya riga ya keto masa, ya ce, "Na ga wasan nan sau biyar, babu wannan tafiyar a ciki. Mantuwa ta yi?"

Na ci gaba da goga.

Ya ce, "Ka saurara. Idan ta fara mantuwa, dole in soke mako na biyu, ba zan tara mutane su zo kallon wannan ba. Amma idan kai ka cece ta yau, ka faɗa mini. Ka ga na ga abin da maɓalli ba zai iya ba. Fitilarka ta zauna."

Na ce, "Shiri ne. Ita ta ce in yi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya ɗan jima yana kallona. Ya ce, "To, ba abin da ya sauya ke nan. Idan ta gama ka sauke gangar." Ya sauka.

Rifkatu tana gindin tsanin da rigunan mutane a hannu, ta ji komai. Ta ce, "Kai wane irin mutum ne? An miƙo maka aikinka a hannu ka ce ba ka so. Me za ka gaya wa matarka?"

Na ce, "Faranti ba ya cizo."

Ta rage murya. "Tsakanina da kai, ta manta, ko?"

"Ba ta manta ba."

"Ɗan Kumasi, ni fa nas ce."

Na ce, "To ki bari sai kin je asibiti, Sista."

Ashe daga wurina manaja ɗakin Madam ya wuce, ya yi mata tambayar da ya yi mini, ya kuma gaya mata amsata. Can sai Hari ya zo ya ce ana kirana, ni kaɗai. Na same ta a gaban madubi tana goge hoda, sandarta a kan cinya. Ba ta juyo ba. Ta yi magana a hankali don in gane.

"An ce ka gaya wa manaja ni na tsara tafiyar nan."

Na ce, "Ke kika tsara, Madam."

Ta kalle ni ta cikin madubin. Ni kafaɗarta nake kallo.

Ta ce, "Haka ne. Amma ka yi saurin ja. Gwiwoyin nan ba na 'yan mata ba ne. Ranar Talata ka ja a hankali."

Shi ke nan maganar. Ba ta yi godiya ba, ban jira ba.

Tafiyar ta shiga cikin wasa. Kowace rana a waƙa ta uku ta tsaya, in ja, ta bi, a yi dariya. Ta gaya wa manaja sabon salon nan ba ya yiwuwa da fitilar rufi, kuma idan yana so ta dawo baɗi, ko ta yi wa abokan sana'arta na Landan maganar ɗakinsa, to ganga ta zauna da mai riƙe ta. Mako na biyu ɗakin ya cika kullum. Ranar da ta tafi na hau da sifana zan kwance ƙafafun gangar. Manaja ya tsaya a ƙasa ya ce, "Bar ta tukuna." Tukunan nan ta kai ni shekara goma sha ɗaya.

Sau uku Madam ta ƙara zuwa. Takarda kam ba ta ƙara zama a aljihuna ba, amma wuraren tafiyar ba a rubuta su, don ba wanda ya san inda za su faɗo. Kafaɗa na hawa, in fara ja. A zuwanta na biyu sau biyu take zuwa wurin fiyano a wasa ɗaya. A na uku ya zama sau uku, wani lokaci huɗu. A na ƙarshe Hari ya matso da fiyanon kusa da tsakiyar dandamali, taku biyu kawai. Akwai ranar da na ja ta sau bakwai, ta bi sau bakwai, kuma aka miƙe tsaye ana tafa mata.

Ranar manaja ya tare ni a gindin tsani, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Matar nan ba ta gajiya. A shekarunta, kowace shekara sai ta ƙaro sabon abu."

Na ce, "Haka take."